Fafirus: Ciyawar da wasu ke neman a share, wasu ke kukan ɓacewarta

A tsakiyar shekarar 2022 ne wasu manyan motoci ɗauke da injinan yashe kogi da aka kawo daga Masar suka isa Jihar Unity da ke Sudan ta Kudu. Aikin da aka ce za su yi shi ne buɗe Kogin Naam, wanda ciyayi da laka suka toshe, domin ruwan da ya kewaye garin Bentiu ya samu hanyar wucewa.

Mazauna Bentiu da dama sun yi maraba da injinan. Tun daga 2021 garin ya koma tamkar tsibiri, ganuwar ƙasa ce kawai ta raba shi da ruwa, kuma a gefensa akwai sansanin 'yan gudun hijira mai ɗauke da mutum fiye da 100,000. Gonaki sun nutse, shanu sun mutu, hanyoyi sun yanke.

Amma a Juba, babban birnin ƙasar, labarin ya tayar da ƙura. Malaman jami'a da masu rajin kare muhalli, ciki har da shugaban Jami'ar Juba na lokacin, Farfesa John Akec, sun fito sun yi adawa da aikin. Tsoronsu shi ne yashe kogin zai zama ƙofar busar da dausayin Sudd, ɗaya daga cikin dausayoyi mafi girma a duniya. Ranar 9 ga Yuli, 2022, a jawabinsa na bikin samun 'yancin kai, Shugaba Salva Kiir ya dakatar da aikin har sai an yi nazarin illarsa ga muhalli.

Dakatarwar ba ta kashe maganar ba. Duk shekarar da ruwa ya sake tasowa, ita ma sai ta taso. A tsakiyar wannan jayayya kuwa akwai wata doguwar ciyawa da ake kira fafirus, wadda Larabawa ke ce wa bardi. Labarinta ya shafi duk wanda rayuwarsa ta rataya a kan fadama, daga Kogin Nilu har zuwa Tafkin Chadi da Hadeja.

Wace irin ciyawa ce?

Masana tsirrai na kiranta Cyperus papyrus. Duk da girmanta, 'yar gida ɗaya ce da wasu tsirrai da Bahaushe ya sani sarai: aya da ake ci, da aya-aya da ke addabar manoma a gona, da kajiji da mata ke haɗa turare da shi. Wanda ya taɓa murza karan aya-aya a tsakanin yatsunsa ya ji kusurwa uku, ya riga ya san siffar karan fafirus. Bambancin dai shi ne nata yana kai tsayin mita huɗu zuwa biyar, da kauri kamar rake a gindinsa, kuma a samansa akwai wani tuntu na siraran zare masu bajewa kamar lema.

Ba ta mutuwa da ƙarewar damina. Ƙarfinta yana cikin saiwarta, wadda ke rarrafawa a kwance tana fitar da sababbin kara. Saiwoyin suna sarƙewa da juna, su haɗu da ruɓaɓɓen ganye da laka, su zama wata kakkaurar tabarma. A bakin gaɓa tabarmar tana kama ƙasa, a ruwa mai zurfi kuwa sai ta yi ta shawagi a sama, ruwa na gudana a ƙarƙashinta. Wani lokaci kaurinta kan kai mutum ya taka ya yi tafiya a kai.

Tana cikin tsirrai mafiya saurin girma a duniya. Yadda take sarrafa hasken rana iri ɗaya ne da na masara da dawa da rake, kuma ba ta rasa ruwa ko zafi a inda take. Idan aka yanke ta aka bar saiwar, cikin ƙasa da shekara guda sai ta mayar da tsayinta.

Wannan saurin girma da wannan tabarma su ne amfaninta, kuma su ne haɗarinta.

Yadda take zama annoba

Idan ruwa ya ƙaru ko iska mai ƙarfi ta taso, wani yanki na tabarmar kan ɓalle ya zama tsibiri mai tafiya. Ruwa ya ja shi har ya isa wurin da kogi ya tsuke, sai ya maƙale. Wani ya zo ya haɗu da shi, wani ya shige ƙarƙashinsa, kafin a ankara kogi ya rufe.

Daga nan sunan Sudd ya samo asali. Kalmar Larabci ce da ke nufin shinge ko abin da ya tare hanya. A ƙarni na farko miladiyya, sojojin da Sarkin Rum, Nero, ya tura neman mafarin Kogin Nilu sun juya ne bayan sun ci karo da wannan dausayi. A 1880, jiragen ruwan Romolo Gessi, Ba'italiyan da ke mulkin yankin Bahr el Ghazal a madadin gwamnatin Masar, sun maƙale a cikin ciyayin har tsawon watanni, ɗaruruwan mutanen da ke cikinsu suka mutu da yunwa da cuta.

Matsalar ba ta tsaya a tarihi ba. Bayan mamakon ruwan saman da aka yi a gabashin Afirka a 1997 da 1998, tsibiran fafirus sun toshe mafitar Tafkin Kyoga da ke Yuganda. Ruwan tafkin ya tashi, ya cinye gonaki da gidajen da ke gaɓa. Ƙasar da ta kawo kuɗi da injinan buɗe hanyar ita ce Masar, ƙarƙashin wata yarjejeniyar yaƙi da ciyayin ruwa da ta ƙulla da Yuganda a 1999.

A watan Afrilun 2020 kuma, wani tsibirin ciyayi ya taso daga Tafkin Biktoriya ya toshe tashar lantarki ta Nalubaale da ke Jinja. Yuganda baki ɗaya ta faɗa cikin duhu, daidai lokacin da jama'a ke jiran jawabin Shugaba Yoweri Museveni kan annobar korona. Sai da aka haɗa da sojoji wajen kwashe ciyayin.

A wajen Afirka ma ana sa mata ido. An kai ta ƙasashe masu ɗumi a matsayin shukar ado ta bakin kududdufi, daga nan ta tsallake ta shiga rafuka. Ta kafu a jihohin Florida da Hawaii na Amurka, kuma a gabashin Ostireliya ana lissafa ta cikin baƙin tsirran da ke iya danne na gida. Gutsuren saiwa guda da aka jefar a magudana ya isa ya kafa sabuwar gona.

Ruwan wa za a ceto?

Idan haka ciyawar take, me ya sa mutanen Juba suka ƙi a share ta? Amsar tana cikin tarihin siyasar Kogin Nilu.

Farin Nilu yana shiga Sudd ne daga kudu, ya bazu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda kusan ba ta da gangara. Ciyayi na rage masa gudu, rana na shanye shi. Kusan rabin ruwan da ya shiga dausayin ba ya fita ta ɗaya gefen. A idon injiniyan da ke zaune a Alkahira, wannan asara ce.

Shi ya sa tun zamanin mulkin mallakar Ingila aka fara tunanin haƙa magudanar da za ta kewaye dausayin. A 1978 gwamnatocin Sudan da Masar suka fara haƙa Magudanar Jonglei, mai tsawon kilomita 360, daga kusa da garin Bor zuwa kusa da Malakal. An yi hasashen za ta ƙara wa kogin ruwa kimanin kubik mita biliyan huɗu a shekara, ƙasashen biyu su raba. An haƙa kusan kilomita 240 kafin 'yan tawayen SPLA su tsayar da aikin a 1984. Jagoransu, John Garang, ya san yankin ciki da bai, domin a kan raya noma a Jonglei ya yi digirinsa na uku a Amurka. Ƙaton injin da aka yi haƙan da shi yana nan a daji har yau, ya yi tsatsa.

Ga kabilun Dinka da Nuer da Shilluk, ruwan da ake kira asara shi ne rayuwa. Idan ambaliyar shekara ta janye, takan bar makiyaya mai ɗanyar ciyawa da ake kira toich, inda shanu ke cin rani. Kifi na hayayyafa a ƙarƙashin tabarmar fafirus. Namun daji na bin wannan ruwa da wannan ciyawa. A 2006 aka sanya Sudd cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu ga duniya, da faɗin hekta miliyan 5.7.

Masar kuwa ba ta daina neman ƙarin ruwa ba. Yarjejeniyar 1959 ta ba ta kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan kuma biliyan 18.5. Tun daga lokacin jama'arta ta ninka fiye da sau uku, ta haura miliyan 100, rabon ruwan kuma bai ƙaru ba. Ga kuma Habasha ta gina babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu, wadda aka fara a 2011 aka ƙaddamar a watan Satumban 2025. Saboda haka duk injin da ya zo Sudan ta Kudu daga Masar, ko da sunan agaji ya zo, akwai masu kallonsa a matsayin Jonglei ce ke dawowa ta ƙofar baya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Akwai kuma tambayar da ta fi siyasa nauyi: shin yashe kogin zai kawar da ambaliyar? Ruwan da ya mamaye Bentiu ya taso ne daga nesa. Tafkin Biktoriya ya yi cikar da ba a taɓa auna irinta ba a 2020, ya sake yin haka a 2024, kuma duk abin da ya fita daga cikinsa Sudan ta Kudu yake nufa. Kogin Naam yana zuba ne a hanyar da ke kaiwa Farin Nilu. Idan babban kogin ya cika ya tumbatsa, ƙaramin ba shi da inda zai juye nasa, ko an share masa hanya. Wannan ce hujjar masu adawa. Masu goyon baya kuma na cewa mutumin da gidansa ke cikin ruwa ba zai jira a gama nazari ba, kuma buɗe hanyar kwale-kwale kaɗai zai sauƙaƙa kai abinci da magani. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa.

Inda aka share ta aka yi da-na-sani

Abin mamaki shi ne ƙasar da aka fi sanin fafirus da ita, can ce ta fara ɓacewa.

A tsohuwar Masar ita ce alamar arewacin ƙasar. Da ita ake yin kwale-kwale da igiya da takalmi da tabarma, sannan da ɓargon karanta ake yin abin rubutu. Rubutattun takardun fafirus mafiya tsufa da aka sani an gano su ne a 2013 a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, kuma sun kai shekara 4,500. Bayan zuwan Musulunci ma a kanta hukuma ke rubutu. Akwai wani rasit na tumaki 65 da aka bai wa rundunar Musulmi a Masar, an rubuta shi da Larabci da Girkanci a shekara ta 22 bayan Hijira, wato 643 miladiyya, yana ajiye a birnin Biyana na Ostiriya.

Da takardar da ta samo asali daga Sin ta yaɗu, sai aka daina noman fafirus. Aka busar da fadamu aka mayar da su gonaki, ciyawar ta kusan ƙarewa ƙaf daga bakin Nilu na Masar. Sai a shekarun 1960 wani injiniya kuma jami'in diflomasiyya, Hassan Ragab, ya farfaɗo da sana'ar. A yau ƙauyen al-Qaramous da ke lardin Sharqiyya ne ya yi suna wajen noma ta da yin takardun da ake sayar wa masu yawon buɗe ido.

A kwarin Hula da ke arewacin Isra'ila, an busar da dausayin fafirus a shekarun 1950 domin noma da yaƙi da sauro. Ƙasar da ta bushe ta riƙa lotsawa, wuta na ci a ƙarƙashinta, sinadaran da dausayin ke tarewa suka riƙa gangarawa Tafkin Tabariyya. A shekarun 1990 sai da aka sake sakin ruwa a wani ɓangaren kwarin.

A Ruwanda, noma da haƙa magudanu sun lalata dausayin Rugezi, wanda ke shayar da tafkunan da tashar lantarki ta Ntaruka ta dogara da su. A 2004 ƙasar ta shiga matsanancin ƙarancin wuta, gwamnati ta koma hayar janaretoci masu shan man dizal. Daga baya ta hana noma a cikin dausayin, ruwa ya fara dawowa.

Yuganda, wadda tsibiran ciyayi suka jefa cikin duhu, ita ce kuma ke korar mutane domin ceto fafirus. Dausayin Nakivubo ne ke tace wani kaso na ƙazamin ruwan birnin Kampala kafin ya shiga Tafkin Biktoriya, a mashigin da birnin ke ɗebo ruwan shansa. Gidaje da masana'antu sun ci wani ɓangare mai yawa na irin waɗannan dausayoyi. A 2024 hukumar kare muhallin ƙasar ta rushe gidaje a dausayin Lubigi, talakawan da abin ya shafa suka yi ta ƙorafin cewa an bar gine-ginen masu hali.

A ƙasar dai ana samun abinci daga ciyawar: tabarmi, kwanduna, jinkar ɗaki, asabari. Wani malamin Jami'ar Makerere, marigayi Moses Musaazi, ya ƙirƙiro audugar mata mai araha daga fafirus da tsohuwar takarda, aka sa mata suna MakaPads.

Fafirus a Tafkin Chadi

Mafi kusancin wurin da wannan ciyawa take da ƙasar Hausa shi ne Tafkin Chadi. Mutanen Buduma da ke zaune a tsibiran tafkin sun daɗe suna ɗaure damin karanta su yi kwale-kwale. Ƙwarewarsu ta yi sunan da a 1969 ɗan ƙasar Norway ɗin nan, Thor Heyerdahl, ya ɗauko maƙera daga tafkin suka gina masa jirgin fafirus mai suna Ra, wanda ya tashi daga Safi a Moroko ya yi tafiyar kusan kilomita 5,000 a Tekun Atlantika kafin a bar shi.

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. A 1973 wani tudu da ke ƙarƙashin ruwa ya fito fili, ya raba tafkin gida biyu, kudu da arewa. Ciyayi suka rufe tudun, suka zama shingen da ke rage ruwan da ke tsallakawa daga kudu, inda Kogin Chari ke zuba, zuwa arewa, ɓangaren Nijar da arewacin Borno. Inda da ruwa ne fili, yanzu dausayi ne na fafirus da kachalla da sauran ciyayin ruwa.

Wannan sauyi ya zo da riba da hasara. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta ta zama gonakin masara da wake da makiyaya mai kyau, har Hausawa da Fulani da Shuwa da dama suka yi ƙaura zuwa can. Amma hanyoyin ruwa sun tsuke. A da masu kwale-kwale da 'yan kasuwar kifi ne ke share su a kai a kai. Da rikicin Boko Haram ya kori mutane daga Baga da tsibiran kewaye, hanyoyin suka rufe, duhun ciyayin kuma ya zama mafakar 'yan bindiga da ke wahalar da sojoji. Shi ya sa maganar farfaɗo da kasuwancin Baga ba ta rabuwa da maganar share hanyar ruwa.

Darasin kachalla a Hadeja da Nguru

Manomin Guri ko Kirikasamma ko Nguru ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan ciyawar da ke cinye kogi. Sunan tasa kachalla.

Kachalla ba dangin fafirus ba ce. Ganyenta dogo ne mai faɗi kamar takobi, kanta kuma kamar zangarniyar gero. Amma halinsu ɗaya: saiwa mai rarrafe, saurin girma, da son ruwan da ba ya ƙafewa.

Kafin a gina madatsun ruwa, Kogin Hadeja yana cika da damina ya malala cikin fadama, da rani kuma ya janye har wasu rassansa su bushe. Wannan bushewar ce ke taka wa kachalla burki. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai yanayin kogin ya sauya. Babbar ambaliyar damina da ke wanke laka ta ragu, da rani kuma ana ci gaba da sakin ruwa domin noman rani da ruwan sha. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa duk shekara, shi ne ainihin abin da kachalla ke so.

Ciyawar ta tare laka, lakar ta ƙara mata wurin zama. Wasu rassan kogin suka toshe, ruwa ya karkata ya fi yawa a hanyar Marma zuwa Tafkin Nguru, ya kwanta a kan gonakin shinkafa da wuraren kiwo. A can ƙasa kuma, wajen Gashuwa da Geidam, ruwan da ke isa Komadugu Yobe ya ragu. Wasu na kukan ruwa ya yi yawa, wasu na kukan babu, alhali kogi ɗaya ne.

Bayan haka ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikin kachalla su wayi gari a gonar gero da shinkafa. Ga sauro. Ga dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Masunci ba shi da wurin jefa koma. Duk wannan na faruwa ne a yankin da ya zama dausayi na farko da Najeriya ta yi wa rajista ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000.

Irin haka ya faru a Kogin Senegal. Bayan an gina madatsar Diama a 1986 domin hana ruwan gishiri shigowa daga teku, ruwan bayanta ya zauna cak, kachalla ta mamaye gaɓoɓin Senegal da Muritaniya. A can an daɗe ana sarrafa ta zuwa gawayin girki da kayan gini. A Najeriya ma an yi gwajin mayar da ita iskar gas ta girki da abincin dabbobi a ƙarƙashin shirin noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa. Gwamnatin Jigawa kuma ta sayo injinan da ke iya aiki a cikin ruwa domin buɗe hanyoyin kogin, al'ummomin yankin su ma sun daɗe suna fita aikin gayya da lauje da adda.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa

Idan aka jera su, daga Bentiu zuwa Nguru, abubuwa huɗu ne ke fitowa.

Na farko, ciyawar tana bin ruwa ne. A Kyoga da Jinja, tashin ruwa ne ya tumɓuke tsibiran. A Tafkin Chadi, janyewarsa ce ta ba ta fili. A Hadeja da Senegal, madatsa ce ta hana kogi bushewa. Duk shirin da ya tsaya a kan yanka kawai, bai taɓa yadda ake sakin ruwa ba, kuɗin bana zai sake kashewa baɗi. A Hadeja wannan na nufin sai an zauna da masu kula da Tiga da Challawa kan lokacin sakin ruwa da yawansa, kuma hakan ya shafi manoman rani na Kano da masu shan ruwan famfo. Ba ƙaramar shawara ba ce, shi ya sa ake yawan kauce mata.

Na biyu, buɗe hanyar ruwa daban, busar da dausayi daban. Share zirin da kwale-kwale zai bi, ko bakin magudanar da ke shayar da gonaki, aiki ne na yau da kullum. Zurfafa kogi ta yadda zai tsotse ruwan fadama kuwa abu ne da ba a iya mayarwa cikin sauƙi, kamar yadda Hula da Rugezi suka nuna. Rikicin Juba ya yi zafi ne saboda ba a fito fili an faɗa wa jama'a wanne daga cikin biyun za a yi ba, injina kawai suka gani.

Na uku, ruwan da aka kora daga wani wuri, wani wurin zai nufa. Kafin a buɗe toshewa, dole a san garin da ke ƙasa da zai karɓe shi, a kuma san wanda zai rasa. Wannan ba ya yiwuwa sai da ma'aunan ruwa da ake karantawa kullum, da kuma zaman da ya haɗa manomi da makiyayi da masunci na sama da na ƙasan kogi.

Na huɗu, mayar da ciyawar abin sayarwa yana taimakawa, amma ba shi ne magani ba. Mai yin gawayi ko tabarma zai yanka ne inda ya fi masa sauƙi, kusa da gari da bakin hanya, ba lallai ne inda kogi ya toshe ba. Haka kuma yadda aka yi yankan yana da muhimmanci. Kachalla na shaƙar iska ne ta karanta, don haka idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa aka maimaita, saiwar kan shaƙe ta mutu. Idan aka yanke ta a sama, ko aka banka mata wuta da rani, aski kawai aka yi mata.

A Sudan ta Kudu, matsin lambar zai ƙaru duk lokacin da Tafkin Biktoriya ya cika, kuma Masar ba za ta daina sha'awar ruwan Sudd ba. A Jigawa da Yobe, kowace damina gwaji ce ga hanyoyin da aka buɗe da rani. Abin da ya kamata mazauna waɗannan wurare su riƙa tambaya idan sun ga injina sun iso shi ne: ina ruwan zai tafi, wa zai amfana da shi, kuma wa zai biya kuɗin sake share hanyar idan ciyawar ta tsiro baɗi.